Sabon Lalle a Kan Tsoho

A tashar Mai Wurno, wata dattijuwa ta ga lallen angonci a hannun mutumin da ke zaune kusa da ita.

"Mabruk, ɗana! Ango ne?"

"Ango, Hajja! Wannan karon na samu ta gaske, ko barci ba na iyawa!"

"Wannan karon? Ga tsohon lalle bai bar farcenka ba."

"Waccan na sake ta. Ta je Rufa'a, ta yini ba ta kira ni ba."

"Haka ɗiyata Ilham take, yau wannan saurayi, gobe wancan. Ita ana zaginta a gari, kai ana yi maka guɗa."

"Hajja, ni ba na jira a guje ni. Gara in riga."

"Jiya haka ta ce mini, tana kuka."