Ranar da Na Sake Jin Auduga

Mai girma shugaban taro, likita da ma'aikatan asibiti, masu unguwannin Fagge da Sabon Gari, malamai, iyayenmu mata, da 'yan'uwana da aka sallama tare da ni yau, assalamu alaikum.

Sunana Modu, tela ne ni a Fagge. Ina godiya ga Allah, ina kuma godiya ga waɗanda suka riƙe hannuna lokacin da dangina ma ke ƙyamarsa. An ce in yi magana a madadin waɗanda suka warke daga kuturta, ni kuwa kalma ɗaya na zo da ita, wadda nas Philomena 'yar Sabon Gari ta fassara mana daga karatunsu na sanin halayyar ɗan Adam: bakin ƙofar ji.

Da farko, ma'anarta. Ita ce mafi ƙanƙantar abin da jiki zai iya shaidawa. Ido yana da tasa ƙofar, kunne yana da tasa, harshe ma haka, don akwai gishirin da ke cikin miya amma bai kai a ji shi ba.

Sai amfaninta. Cutar nan, jama'a, ba zafi take kawowa ba, ɗauke shi take yi. Na taɓa dafa dutsen guga, ƙauri ne ya gaya mini na ƙone. Telan da ba ya jin yatsunsa kuwa ya bar ɗinki, yana so ko ba ya so. Duk zuwanmu karɓar magani sai Philomena ta sa mu rufe ido, ta taɓa mana yatsu. Wani ɗan'uwanmu, yana nan zaune, ya yi wuf ya ce ya ji. Ta ce, “Baba, ai ban taɓa ka ba tukuna.”

Da ko tsinke ba na ji. Sannu a hankali na fara jin tsinke, sannan gashin kaza, sannan auduga. Ranar da na ji auduga kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Yanzu na koma kan kekena. Makon jiya allura ta soke ni na yi ƙara, maƙwabta suka taso suna yi mini sannu, ni kuwa dariya nake yi. Saboda haka ku gaya wa duk mai ɓoye tabo a jikinsa ya fito tun da wuri.

Allah ya ba na baya lafiya, ya saka wa masu jinyarmu, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.