Hannun Ƙasimu da Hannun Inji

"Ƙarfe dai ba shi ƙwace min sana'a," in ji Ƙasimu mai cika buhunan albasa, a motar Sakkwato da ke lodi a tashar Goronyo.

Hajiyar da ke gefensa ta sake tura masa waya. "Duba dai, Baba. Kamfanin da ɗana ka aiki, da injin walda sunka fara. Yanzu inji mai hannu suka ƙerawa, har buhu shika cikawa."

"Ya iya aza manya bakin buhu, ruɓaɓɓu tsakiya?"

"Mi? Wa ka yin hakanan?"

"Duk buhun da yaf fita kasuwag ga yau, hannuna ne."

Hajiya ta waiwaya ta dubi buhunan albasar da ta sayo yau, a but ɗin motar. Ta fita, ta buga ƙofa, tana cigiyar wuƙar farke buhu.