Kwalbar da Na Ji Tsoron Miƙawa

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Bitrus, ina koyon aikin ɗakin gwaji a kwaleji nan Birnin Kebbi. Abin da zan faɗa akwai kunya, amma ku yi haƙuri da ni.

A Gulma na tashi, inda babana ya zo daga Filato yana noman shinkafa. Tun ina saurayi nake ganin jini a ƙarshen fitsarina. Wani abokina ya ce ciwon masu bin mata ne. Ni ban taɓa ba, amma na san irin tunanin da ke zuciyata, sai na ce shi ke nan, Allah ya kama ni. Na daina cin Jibin Ubangiji. In fasto ya yi wa'azi a kan tsarki, ji nake da ni yake.

Wadda ta fi shan wahala ita ce Rahila, wadda nake nema. Kun san dattawan ikkilisiya ba sa sa ranar aure sai an yi gwajin asibiti. Kullum da uzurina: yau jarrabawa, gobe zazzaɓi. Wata rana a ƙofar gidansu a unguwar Badariya ta ce, "Bitrus, in ka fasa ne, ka gaya mini, in daina jira." Ta yi kuka. 

Sai ga darasin gwajin fitsari. Malaminmu, dattijo ɗan Argungu, ya raba mana kwalabe, ya ce kowa ya kawo nasa.

'Yan'uwa, ni mai koyon gwada mutane, ni ne nake gudun gwaji!

A bayi na tsaya da kwalba a hannu, ruwan ciki ja-ja. Har na yi niyyar roƙon wani ya sam mini nasa. Sai na ce, "Yesu, na gaji da ɓuya. In tonon asiri ne, ka tona, amma kada ka bar ni." Na koma na miƙa.

Aka juya ta a inji, na ɗiga a gilashi, na leƙa madubin da ke nuna abin da ido ba ya gani. Ga wasu 'yan ƙwayaye, kowanne da tsini a gindi. Malam ya leƙa, ya dube ni.

"Kai, ina kat tashi?"

Na ce Gulma.

"Kana shiga ruwan fadama?"

"Kullum, Malam."

"Awo! Wanga tsargiya ta. Ƙwan tsutsa na, ga ruwa aka samun ta. Mi kaka jira ba ka sha magani ba?"

Tsutsa! Shekara da shekaru ina hukunta kaina a kan tsutsa! Na fashe da kuka a gaban 'yan aji.

Asibiti suka ba ni ƙwayoyi, jinin ya tsaya. Na je na gaya wa Rahila komai. Ta ce, "Ciwon bai dame ni ba. Abin da ya yi mini zafi, ka ɗauka ba zan iya ji ba." Wannan maganar har yau tana cina.

Na gode wa Ubangiji, ya warkar da ni, ya sauke mini kayan da ba shi ya ɗora mini ba. Ɗan'uwa, in kana ɓoye wani abu, kai wa Yesu, ka kuma je a duba ka. Yau zan ci Jibi tare da ku. Rahila kuma, ga ta can cikin mawaƙa, ta yarda a sa rana. Haleluya!