Lambar Ta Tafi Wayar Ƙanensa

A rumfar mai gyaran kyamarorin tsaro, wani mai shagon atamfa ya dire akwatin naɗar hoto a kan tebur.

"Malam, ta ƙi buɗewa. Jiya an ɗauke min turmi shida, fuskar ɓarawon nake son gani."

"Sau nawa ka buga lambar sirrin?"

"Sau biyar... ko goma."

"Shi ya sa ta kulle, Alhaji, ta ɗauka kai ne ɓarawon. Kwantar da hankalinka, na sa ta tura sabuwar lamba. Ta tafi wayar da ta ƙare da saba'in da huɗu. Karanto min."

Alhaji ya dubi wayarsa, babu saƙo.

"Ba taka ba ce?"

"Ta ƙanena ce. Shi ya haɗa min kyamarar."

"To kira shi mana, minti goma take yi ta mutu."

"Wata uku ke nan da na kore shi. A gaban jama'a na ce shi ke kwashe min kaya."

"Kuma kayan ba su daina tafiya ba?"

Kafin ya ba da amsa wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya miƙa wa mai gyara kansa a sunkuye.

Mai gyara ya karanta a fili: "Yaya, ga lambar. Allah ya sa lafiya."