Na Ce wa Baba Agali Ya Koma Ƙasarsu

Assalamu alaikum, mai karanta mana wasiƙu. Ni ne Garba manomi, daga Hunkuyi.

Awakin maƙwabcinmu Baba Agali, wani tsohon Buzu, ne suka cinye mini dawa. Na tare shi a tsakiyar kasuwa na ce, "Mun samu mulkin kai, ka koma ƙasarku!"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Garba, shekarar yunwa tare muka taso daga Damagaram da kakanka. A kan raƙumina mahaifinka ya iso garin nan, yana jariri."

Na tambayi gwaggona, ta ce gaskiya ne, ta kau da kai. Kwana biyar ke nan ina kewaye ƙofarsa. Jama'a, da wane baki zan roƙe shi gafara?