Malam Mai Gwangwani

Mai girma shugaban kwamitin makaranta, 'yan'uwana malamai, iyayen yara, uwargidan marigayi da 'ya'yansa, assalamu alaikum.

An ce in yi magana a madadinmu duka, tunda ni ne shugaban makarantar da marigayi ya yi shekara ashirin yana koyar da kimiyya a cikinta. Da ma an zaɓi wani, domin bakina da nauyi yau.

Ya kasance mutumin da ba ya wuce gwangwanin madara a hanya. Sai ya ɗauka, ya wanke, ya ɗaure bakinsa da robar balan-balan, ya barbaɗa yashi a kai. Yaro ya yi ihu kusa da shi, yashin ya kama tsalle. Ya kasance yana jera kwalabe, wata cike da ruwa, wata rabi, yara suna bugawa da cokali. Ya kan ce musu, "Sauti ba aljani ba ne, karkarwa ce. Ku taɓa ku ji." Mu kuwa muna ofis muna toshe kunne, har muka laƙaba masa Malam Mai Gwangwani, ya amsa.

Wata shekara aka ce masu duba makarantu suna tafe. Na leƙa kabad ɗinsa, idona bai ga komai ba sai tarkace. Ban tambaye shi ba, na sa aka kwashe aka kai bola. Aikin shekara shida ne.

A ajinsa akwai wata yarinya kurma, wadda sai ta ɗora tafin hannu a kan gangar gwangwani take bin darasin. Washegari ta zo ta miƙa hannu, babu abin taɓawa. Malam ya daɗe yana kallon kabad ɗin. Sannan ya ɗora yatsunta a maƙogwaron ƙawarta, ya ce ƙawar ta yi waƙa. Yarinyar ta fashe da dariya. Ya ce, "Wannan gangar dai ba mai kai ta bola." Ina bakin taga, na ji, na wuce.

Ya ɗauka kuskuren mai shara ne, kuma bai taɓa yi masa faɗa ba. Ni kuma na bar shi a haka, kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, har goben ta ƙare. Uwargida, ni ne. 'Ya'yansa, ni ne. Ina jin kunya, kuma ina roƙon ku yafe mini a madadinsa.

Mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Waccan yarinyar ma ta zo, ga ta can a layi na uku tare da ɗiyarta, kuma ba za ta ji addu'armu da kunne ba. Ke ɗiyarta, kama hannun mamarki ki ɗora a wuyanki, ki amsa da ƙarfi.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa kamar yadda ya yafe wa mai shara. Ku ce amin, ta ji.