Jinin da Ya Rufe Mini Baki

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu mai ceto. Sunana Rahila, mai sayar da kunun aya a bakin tashar Daura.

Bara na tsani bakina. Gyambon ciki ya sa na bar komai sai koko da burodi, wata da watanni. Daga nan dasashina ya kumbura, ya yi baƙi. Ko asuwaki na taɓa sai jini. In na yi karo da turmi kaɗan, jini ya kwanta a ƙafata. Ga wari, ni kaina yana tayar mini da zuciya. Na daina waƙa a zumuntar mata ta cocinmu.

Wata rana wani direban Kano da ya saba sayen kununa ya kalli bakina, ya ajiye gorar a hankali, ya ce, "Bari dai, Hajiya, na ƙoshi."

Maƙwabciyata ta ce jifa ne. Ta kawo mini wani jiƙo daga Mai'adua, baƙi, mai yauƙi, yana ɗoyi kamar kwata. Na toshe hanci na sha. Na kwarara amai a tsakar gida, har da jini a ciki.

A nan na durƙusa, a gefen ƙazantar. Na ce, "Ya Ubangiji, kai da ka taɓa kuturu ba ka ji ƙyama ba, ka taɓa ni."

Ban tashi ba sai ga sallamar Mama Saratu, uwar zumuntarmu. Ita ta wanke wurin da hannunta. Ta ce, "'Yata, ɗauko mayafinki, asibiti za mu."

Likita ya duba ni, aka gwada jinina. Ya ce jijiyoyin jinina ne suka yi rauni, don jikina ya rasa bitamin C. Ya ba ni ƙwayoyinsa da maganin gyambon, ya ce in ci gwaiba, tumatir da zogale. Ya kuma gargaɗe ni kada in sayi na 'yan talla in ƙara da kaina.

Cikin 'yan makonni jinin ya tsaya. Yabo ga Ubangiji!

'Yan'uwa, in jini ya ƙi tsaya muku, ku yi addu'a, ku je a duba ku, ku dogara ga Yesu. Yanzu a ba ni kalangu, ni zan ba da waƙar yau. Amin.